Direban Babbar Mota da Lissafin Kuɗin Hanya

 Wannan shiri zai hau babbar hanya ne, ya bi sawun mutanen da ke tuƙa tirela da tankar mai da gingimari, domin a ji yadda ake biyansu da irin halin da suke aiki a ciki.

Kwandon tumatirin da ake saukewa da asuba a kasuwar Mile 12 ta Legas, a Kadawa ko Kwanar Gafan aka ɗora shi, can jihar Kano. Albasar daga Aliero ta taso. Shanun da ake yankawa a kwatar Agege sun baro Potiskum ko Maigatari ko Mubi a tsaye, ƙaho na gogar ƙaho, cikin bodin mota. A dawowa kuma motocin ba sa zuwa wayam. Su ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, siminti daga Obajana, manja da katako daga kurmi, fetur daga daffo-daffon bakin teku. A da jirgin ƙasa ne ke ɗaukar mafi yawan wannan nauyi. Tun 1911 layin dogo ya iso Kano, kuma shi ya yi shekara da shekaru yana kwasar gyaɗa da auduga da ƙiraga. Man fetur ma an shimfiɗa masa bututu na dubban kilomitoci zuwa daffo-daffon Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri. Dogo ya yi rauni, bututu ya sha fasa har aka daina dogaro da shi, sai kusan duk kayan ƙasar suka koma kan kwalta. Wato suka koma wuyan mutum guda mai riƙe da sitiyari, da yaronsa a gefe.

An yi zamanin da direban babbar mota ke da kwarjini a gari. Idan ya dawo daga Ikko yara na bin motarsa, makaɗa na yi masa kirari, marigayi Mamman Shata ma ya yi wa direbobi waƙoƙi. Har gobe a gari irin Potiskum akwai gidaje da yawa da sana'ar tirela ta rufa wa asiri. Amma wanda ya zauna da direbobin yau a tasha ya saurari hirarsu, abin da zai fi ji shi ne lissafi, kuma lissafin nan shi ne mabuɗin duk abin da ke faruwa a kan hanya.

Mafi yawansu motar ba tasu ba ce. Ta Alhaji ce, ko ta kamfani. Biyan direba kuma yakan zo ta fuska biyu: akwai albashin wata, wanda a wurin masu motoci da dama bai taka kara ya karya ba, sannan akwai kuɗin hanya da ake ba shi a kowane sawu. Wasu ma babu zancen wata sam, sai dai kaso daga kuɗin lodi. Ko ta wace hanya aka bi, abin da ke shiga aljihun direba ya rataya ne a kan sawu nawa ya yi, ba awa nawa ya yi yana aiki ba.

A dubi kuɗin hanyar da kyau. Ranar tashi ake ƙirga masa su a hannu ko a tura masa ta waya, an riga an yanke adadin bisa tsammanin kwana kaza zai yi. A ciki zai ci abinci, ya ciyar da yaron mota. A ciki zai biya kuɗin tasha da tikitin ƙungiya, ya sallami ɗan kamasho idan ta hannunsa lodin ya zo, ya yi faci idan taya ta sace, ya sayi ruwan birki, ya ba maigadin da zai kula da motar inda suka kwana. A ciki ne kuma zai riƙa zaro na goro a shingaye. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne rabonsa, shi zai aika gida a yi cefane. Saboda haka duk kwana ɗaya da ya ƙaru a kan hanya, daga tukunyar gidansa aka ɗebe shi. Mutumin da aka tsara wa biya ta wannan hanya ba ya bukatar kowa ya ce masa ya taka mota. Tsarin da kansa ya riga ya faɗa masa.

Ga wani lissafi da kowa zai iya yi. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 60 a awa a kan babban titi, a sauran hanyoyi ma bai kai haka ba. Ko da hanyar lafiyayya ce, babu rami babu shinge, tuƙin ya doshi awa 17. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ba direba shawarar ya huta bayan kowace awa 4. Idan aka haɗa da barcin da jikin ɗan Adam ke bukata, tafiyar kwana biyu cur ce. To amma tumatir ba ya jira. Mai kaya yana kiran waya tun daga Zariya, yana tambaya ina aka kai, domin idan rana ta bugi kwandunan kwana uku asara ta tabbata. Mai shanu kuma tsoronsa kada wata ta kwanta sauran su tattake ta. Sai direba ya ɗauki tafiyar kwana biyu ya matse ta, da barcinsa ya biya bambancin.

Wannan ke nan idan ana tafiya. Babbar cutar sana'ar nan ita ce tsayuwa.

Mutanen Legas ba za su manta shekarun da layin tireloli da tankoki ya taso daga ƙofar Apapa da Tin Can ya hau gadoji ya tsaya cak ba. Direba ya kwana ya yini a kan gada, mako ya zagayo, wani lokaci ya fi haka, yana jiran a kira shi ya shiga ya ɗauki kwantena ko ya mayar da wadda aka sauke. Babu banɗaki, babu wurin wanka, ba ya iya barin motar ya yi nisa don kada layi ya motsa ko a kwance masa batir. Ga 'yan tasha da masu kaki, kowa da abin da yake karɓa kafin a matsa gaba. Abin ya kai har fadar shugaban ƙasa ta kafa kwamiti na musamman a 2019, sannan a watan Fabrairun 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fito da tsarin Eto, wanda ake yin rajistar shiga tashar ta intanet, mota ta jira a garejin da aka amince da shi har a kira ta. Cunkoson ya ragu sosai a kan gadojin. Sai dai jiran bai mutu ba, wuri ya sauya. Ana jira a gareji, ana jira a daffo, ana jira a ƙofar masana'anta, ana jira a kasuwa kafin 'yan dako su sauke. Mai kwantena idan ya wuce wa'adi kamfanin jirgin ruwa na cajinsa kuɗin jinkiri. Direban da ya kwana bakwai yana gadin wannan kwantenar kuwa, da wuya a ji an ba shi ko sisi na kwanakin.

Direbobin da ke bin hanyar Nijar sun ɗanɗani irin wannan ta wata fuskar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki. Ɗaruruwan motoci suka maƙale a Malanville, ƙofar shiga Gaya daga Benin, wasu a Jibiya, wasu a Illela. Kayan abinci suka lalace a cikin mota, kuɗin hanya ya ƙare tun makon farko, mutane suka koma cin bashin masu abinci. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya da Nijar suka buɗe tsakaninsu, amma ta ɓangaren Benin Nijar ta bar iyakarta a rufe. Kayan da ke bin Kwatano sai suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, ta yankunan da 'yan bindiga ke kai hari. Hanya ta ƙara tsawo, jiran ayari ya ƙaru, haɗari ya ƙaru. Babu direban da aka yi shawara da shi kafin a yanke ko ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukuncen.

Sai maganar shingaye. Tsakanin arewa da kudu, mota mai ɗauke da kaya takan tsaya sau da yawa har direba ya daina ƙirgawa: 'yan sanda, sojoji, kwastan, jami'an duba lafiyar mota, masu karɓar harajin jiha, na ƙaramar hukuma, na amfanin gona, na dabbobi, da wasu samari masu sanduna da katako mai ƙusoshi da babu wanda ya san wa ya aiko su. Wasu shingayen doka ce ta kafa su, kuma ana bukatarsu. Amma direban da takardunsa suka cika ma ya san cewa gardama ta fi miƙa hannu tsada, domin ana iya ajiye shi a gefe awa uku. Gwamnatoci sun sha ba da umarnin a rushe shingayen haram, a yi kwana biyu su dawo. Kuɗin da ake karɓa a nan, wani kaso na fita daga rabon direba, wani kuma mai sayen tumatir a Legas da mai sayen manja a Kano ne ke biya ba tare da sun sani ba. A kan wannan kuma ga fargabar rai. Hanyar Birnin Gwari ta ci direbobi. A kudu maso gabas an sha ƙona motoci da kashe masu tuƙa su, musamman tun da aka fara tilasta zaman gida na ranar Litinin a 2021. A farkon shekarar 2021 ɗin ce ma ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, har farashin tumatir da albasa ya yi tashin gwauron zabo a can.

Adalci ne a ji ta bakin masu motocin. Su ma ba a kan gadon zinare suke ba. A farkon 2022 litar dizal ba ta kai naira 300 ba, kafin shekarar ta ƙare ta haura 800, a ƙarshen 2023 kuma ta tsallake 1,000. Taya da kayan gyara daga waje ake shigo da su, faɗuwar naira ta ninka kuɗinsu. Da yawa daga cikin kawunan motocin tsofaffi ne da suka gama aiki a Turai, hanyar kuma ba ta raga musu. A Fabrairun 2024 ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO ta janye tankokinta daga aiki, tana cewa kuɗin dakon da ake biya bai isa ya mayar da abin da ake kashewa ba, sai da gwamnati ta shiga tsakani. Kukan nasu gaskiya ne. Amma idan aka matsi mai mota, dizal ba ya ragi, mai taya ba ya ragi, banki ba ya ragi. Wuri biyu kawai ake iya tsukewa: gyaran mota da haƙƙin direba. Sai a ce tayar nan ta ƙara sawu ɗaya, birkin nan a lallaɓa shi, albashin watan nan a yi haƙuri sai lodi ya fito.

Ruwa ba ya tsami banza. Direban da rabonsa ya tsuke zai nemi ciko, kuma hanyoyin cikon sanannu ne. Wani ya ɗora kayan da ba a rubuta a takarda ba. Wani ya rage dizal ya sayar a gefen hanya. Mafi muni, a ɗebi fasinja a jera su a kan buhuna ko a saman shanu, talakawan da ba su da kuɗin bas, da 'yan ci-rani masu neman sauƙi. A ranar 8 ga Satumban 2024, a yankin Agaie na jihar Neja, tankar mai ta yi karo da wata babbar mota mai ɗauke da shanu da mutane, wuta ta tashi, aƙalla mutum 48 suka rasu. Babu wanda zai wanke direban da ya ɗora rayuka a kan kaya. Laifi ne, kuma doka ta hana. Sai dai mai son ya kawar da ɗabi'ar dole ya tambayi dalilin da ya sa ta ƙi mutuwa duk da kamen da ake yi.

Haka batun barci yake. Goro da shayi mai kauri tsofaffin abokan tafiya ne. Daga baya aka samu gadagi, aka samu lemukan ƙara kuzari, aka samu ƙwayoyi irin su tramadol da ake sayarwa a ɓoye a tashoshi. Ba kowane direba ke sha ba, kuma zalunci ne a yi musu kuɗin goro, domin akwai dattawa masu tsoron Allah da suka shekara talatin a hanya ba su taɓa kai ƙwaya baki ba. Amma wanda ya sha, ba ta kore masa gajiya, ɓoye masa ita take yi. Ido a buɗe, ƙwaƙwalwa ta tafi. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa uku kacal, ta yi mita 50 babu mai tuƙa ta, da nauyin tan talatin ko fiye a bayanta.

Idan kayan fetur ne, kuskure ɗaya ya isa ya jefa gari cikin makoki. A daren 15 ga Oktoban 2024 tanka ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, jama'a suka taru kwasar mai, ta fashe, sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Bayan wata uku, ranar 18 ga Janairun 2025, irin haka ta faru a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, sama da 80 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Hukumar da ke kula da rarraba mai ta hana loda tankoki masu cin lita 60,000 daga 1 ga Maris na 2025. Mataki ne mai kyau, domin hanyoyin ba a gina su don wannan nauyin ba. Amma an duba girman tankin, an duba na'urar ƙayyade gudu da aka fara tilastawa tun 2017, har yanzu ba a ji wata doka mai haƙori da ta duba awa nawa mutumin da ke gaban motar ya yi barci ba.

Mai son ganin rayuwar nan ido da ido, ya tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos ko Ogere bayan isha'i. Motoci sun jeru gefe da gefe har sun cinye rabin titi. Yaron mota ya dira ya cusa waji a ƙarƙashin taya, ya zagaya da fitilar waya yana bubbuga kowace da ƙarfe yana sauraren ƙararta. Direba ya sauko da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ya karɓi buta ya yi alwala a bakin kwalbati, ya rama sallolin da suka wuce shi. Mai shayi ya fasa ƙwai, mai tuwo ta zuba miya. Daga nan a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tirelar, tsakanin tayoyi, ga sauro, ga ƙurar motocin da ke wucewa, kunne ɗaya na sauraren ko wani na taɓa tankin dizal. Kafin assalatu an tada inji. Wannan shi ake kira hutu, kuma a haka mutum zai yi wata bai ga iyalinsa ba, a raɗa wa ɗansa suna yana Ogbomoso, a yi jana'izar ɗan'uwansa yana layin daffo. Ciwon baya da hawan jini da raunin ido suna taruwa a hankali, babu mai aunawa. Ranar da ido ya gaza, aiki ya ƙare, kuma ga mafi yawansu babu fansho babu sallama.

Yaron motar nan kuwa, wanda ake kira karen mota, shi ne a ƙasan kowa. Shi ke ɗaure tamfol, shi ke cire taya, shi ke kwana da mota idan ta lalace a daji direba ya tafi neman bakanike. Sau da yawa ladansa abinci ne da ɗan abin da maigidansa ya ga dama, da fatan wata rana a ba shi sitiyari. Ana kuwa ba shi, a tsakiyar dare, lokacin da barci ya ci ƙarfin direba, ko da bai da lasisi. A nan ake koyon sana'ar, a nan kuma ake gadon duk kurakuranta.

Me doka ta ce? A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Amma dokar ta ware wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta kuma ware waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon aikin da suka yi. Alhaji mai tirela biyar da direban da ake biya a kan sawu, duka sun faɗa cikin wannan rami. Akwai dai wasu dokokin da suka shafe su. Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, domin idan ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki a biya shi ko magadansa. Tun 2019 kuma akwai tsarin ƙaramin fansho da mai sana'ar kansa zai iya shiga ya riƙa ajiye abin da ya samu. Manyan kamfanoni wasu na bin waɗannan. A tasha kuwa, yarjejeniya ta baka ce, shaidarta Allah. Idan an yi haɗari, a zo ta'aziyya da buhun shinkafa, a nemi wani direban kafin sadakar bakwai.

Wannan matsala ba ta Najeriya ce kaɗai ba, kuma abin da wasu ƙasashe suka gano yana da amfani a nan. Tun 1979 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya kan masu tuƙin haya: hutu bayan awa 4, tuƙin da bai wuce awa 9 a rana ba. A Tarayyar Turai awa 9 ɗin ce doka, da hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi, kuma akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta kowane motsi, jami'i na iya dubawa ya ci tarar direba da kamfaninsa. A Amurka iyakar awa 11 ce. Amma da yake a can ma yawancin direbobin nesa ana biyansu ne a kan mil nawa suka yi, suna kuka da irin kukan Apapa, wato jiran da ba a biya. A 2018 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar sufurin Amurka ya ƙiyasta cewa ƙarin minti 15 a matsakaicin lokacin jiran lodi na ƙara yiwuwar haɗari da kusan kashi 6 cikin 100, kuma jiran na rage wa direbobi sama da dala biliyan ɗaya a shekara. Idan minti 15 na yin haka a ƙasar da hanyoyinta ke da kyau, mai sauraro ya auna abin da kwana bakwai a kan gada ke yi.

Direbobin tanka sun fi sauran samun bakin magana, saboda reshensu na cikin ƙungiyar ma'aikatan man fetur ta NUPENG yana iya tsayar da ƙasa cikin kwana biyu. An gani a Satumban 2025, bayan matatar Dangote ta sanar da shigo da motoci 4,000 masu amfani da iskar gas don raba mai da kanta. NUPENG ta shiga yajin aiki a kan 'yancin sabbin direbobin na shiga ƙungiya, sai da ma'aikatar ƙwadago ta zaunar da ɓangarorin aka sa hannu a takarda. Direban shanu da na hatsi da na albasa ba shi da wannan ƙarfin. Yana yankar tikiti a kowace tasha, kuma yana da haƙƙin ya tambayi shugabanninsa me tikitin ya saya masa: ina wurin kwana, ina asibitin da zai auna jininsa da idonsa, ina lauyan da zai tsaya masa idan an kulle shi a wata jiha.

Gyaran da ya fi kusa ba ya jiran majalisa. Takarda ce guda, tsakanin mai mota da direba, da shaidu biyu daga ƙungiya: ga albashin wata, ga kuɗin hanya, ga abin da za a biya a kowace rana da mota ta tsaya ba da laifin direba ba, ga wanda zai ɗauki nauyi idan an ji rauni. Kuɗin ranar jira kuma mai kayan da ya jawo jinkirin ne ya kamata ya biya, domin ranar da jira ya fara cin aljihun mai kaya, ranar za a ga lodi da saukewa sun yi sauri. Mai motar da ke ganin wannan asara ce, ya kwatanta kuɗin kwana biyu na direba da kuɗin kan tirela guda da ya kife a Jebba.

Alhazai masu motoci, a rubuta wa direbobi haƙƙinsu, a sa musu mataimaki mai lasisi a doguwar tafiya. 'Yan kasuwa masu kaya, idan direba ya ce zai tsaya ya runtsa a Mokwa, a bar shi ya runtsa, a daina kiran waya ana zuga shi. Ku kuma direbobi da ke jin wannan shiri a cikin mota yanzu, idan ido ya fara nauyi a nemi wuri mai aminci a faka, kuma kada a ɗora mutane a kan kaya komai roƙon da za su yi. Allah Ya kai kowa gida lafiya.